Shekarar da Babanku Ya Sa wa Kangaru Jaka a Baya

Ladi, Bitrus, Godiya, da ku jikoki masu tsintar magana a bakin ƙofa ku kai ta gaba, wannan babin naku ne. Na gaji da jin labarin nan a karkace. Ko a Kirsimetin da ya wuce sai da na ji Bitrus yana gaya wa surukansa wai korar Babanku aka yi daga masaƙa don bai san dabba ba, kuma wai ni na kai ƙararsa. Kai Bitrus, a lokacin ko yaye ka ba a yi ba, a ina ka gani? Ba a kore shi ba, ban kuma kai ƙararsa wurin kowa ba. Abin da ya faru ya fi haka ban dariya, ya kuma fi haka ciwo. Tunda shi ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da zan faɗe shi daidai.

A shekarar muna zaune a ciki da falo a Kakuri, bayan layin masu gyaran keke, inda jiniyar masaƙa take tashin kowa da safe, mai aiki da marar aiki. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Babanku Iliya kuma yana ɗakin zane na masaƙa, su uku ne, su suke fitar da furanni da tsuntsayen da ake bugawa a jikin atamfa. Aikin zaune ne, ga fanka a sama, ga farar riga, ya tafi hannunsa tas ya dawo tas. Yana son aikin nan kamar me. In muna tafiya coci ya hango wata mata da atamfar da ya zana, sai ya rage sauri ya taɓa ni da gwiwar hannu, ni kuma in ce ya kiyaye ni, kada mijin matar ya ɗauka wani abu ne. To a wannan shekarar ce aka fara raɗe-raɗin za a rage mutum ɗaya daga ɗakin zane a mai da shi sashen rini, wurin tururi da wari da tsayuwa tun safe har yamma. Kowa a cikin su ukun ya shiga neman abin da zai sa a bar shi a kujerarsa.

Ni kuwa kun san halina, abin da na koyar da safe sai na sake koyar da shi a kan tuwo. A zangon nan ina koya wa 'yan aji uku dabbobin da ke renon 'ya'yansu a cikin jakar fata a jikinsu, irin kangaru da 'yan uwanta. Babu ko ɗaya daga cikinsu a ƙasarmu, yawancinsu a Ostiraliya suke, amma abin ya shiga raina. Na riƙa ce wa Babanku ai babu uwa irin kangaru, ɗanta yana cikin jaka a jikinta, duk inda ta yi tsalle yana nan, ba ta ajiye shi a ƙasa balle ta ba wata riƙo. Shi kuma yana ta "uhm, uhm," yana kai loma. Na ɗauka ba ya ji. Ashe yana ji, sai dai rabi yake ji.

Ana haka zumuntar matan cocinmu ta tashi yin anko na babban taron shekara, wanda mata ke zuwa daga garuruwa da yawa. Uwar zumunta a lokacin Mama Tabita ce, doguwa, mai murya kamar ganga, in ta ce a zauna har fasto sai ya nemi kujera. Ta aika aka kira Babanku ta ce masa:

"Iliya, kaza, kaza, kullum kaza da 'ya'yanta. Shekara nawa muna yawo da kaji a jiki? Bana ka nemo mana uwa wadda ba a taɓa gani ba."

Ya dawo gida bai ce min uffan ba, wai zai ba ni mamaki. A ofishin ogansu akwai kalanda mai hotunan namun dajin ƙasashen waje, a ciki akwai kangaru tana tsalle. Daga nan ya ɗauko siffa, dogayen ƙafafun baya, gajerun hannuwa, ƙatuwar wutsiya, duk ya fitar daidai. Sai dai ta kalandar namiji ne, ba jaka, ba ɗa. Saura ya sa jaka. Mutumin da tun da ya buɗe ido a duniya bai taɓa ganin goyo a wani wuri ba sai a baya, ina kuke tsammanin zai sa ta?

Ranar da aka kwance ɗaurin atamfar a harabar coci ina tsaye a baya da Bitrus a goye. Aka warware turmi ɗaya, shuɗi da ruwan goro, mata suka ɗauki guɗa. Na kutsa na leƙa. Ga kangaru jere-jere, kowace da jakarta daram a tsakiyar gadon baya, ɗan ya leƙo kai ta kafaɗar uwa yana kallon duniya. Kyau kam ba a magana. Sai dai jakar ba nan ne wurinta ba. Na ɗaga kai, sai ga Babanku can gindin mangwaro yana kallona, bakinsa har kunne, yana jiran in yaba. Mama Tabita ta dafa ni ta ce:

"Malama, kin iya zaɓen miji. Dubi goyo, ko majanyi ba ta nema!"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Mama."

Allah ya yafe min, har guɗa na taya su. Na karɓi turmina na kai ɗinki. Kafin sati biyu atamfar ta cika Kakuri. Mata suka sa mata suna Goyo Lafiya, don kun san atamfar da ba ta sami suna ba ba ta shiga kasuwa ba. Wani dillalin atamfa a Tudun Wada, Alhaji Mudi, ya ga yadda ake nemanta, ya je masaƙa ya ce a sake buga masa da yawa. Oga ya kira Babanku ya buga masa kafaɗa a gaban sauran biyun. Kujerarsa ta zauna daram. Ni kuma na ja bakina na tsuke, na ce a raina, wa ya taɓa ganin kangaru a Kaduna balle ya juya ta ya duba?

Ashe mutum arba'in da wani abu suna jirana a aji. Na yi musu ɗan gwaji, cikin tambayoyin har da inda jakar kangaru take. Na koyar da wannan da bakina tun farkon zango, na nuna a allo. Da na zo duba takardu, in ban da mutum biyar, kowa ya rubuta a baya. Na bi su da jan biro, na shiga aji ina faɗa, ina cewa kunnuwansu na ado ne. Sai wata yarinya, Asabe, mai shiru-shiru, ta ɗaga hannu.

"Malama, ai ga ta nan a jikin zaninki."

Na sunkuya na dubi kaina. Ranar Laraba ce, akwai taron zumunta bayan an tashi, ina sanye da Goyo Lafiya daga sama har ƙasa, har ɗankwali. Yaran duk suka zuba min ido. Ba raini a idonsu, gaskiyarsu suke nema. Iyayensu mata suna ɗaura ta, malamarsu tana ɗaura ta, mijin malamar ne ya zana, to wa za su yarda da shi, allo ko zani? Ga babbar jarrabawar fita aji uku saura sati uku, wadda ba ni zan duba ba. Na ce su buɗe shafi na gaba, za mu dawo kan maganar. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Ranar Asabar da la'asar, ina tsince shinkafa a tsakar gida, na ce wa Babanku ya jawo kujera. Na fara ba shi labarin gwajin 'yan ajina da abin da Asabe ta ce.

"Baban Ladi, jakar nan ba a baya take ba. A ciki take, nan gaba, ƙasa da cibiya."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama. Wace uwa mai hankali za ta yi goyo a gaba? Ta yaya za ta yi daka?"

"Kangaru ba ta daka."

"To ta yaya za ta sunkuya?"

Na ajiye faranti na yi masa darasin daga farko, wannan karon na ce ya bar gyaɗar da yake ɓarewa ya dube ni. Na ce cikin kangaru wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Abin da take haifa bai wuce ƙwayar wake ba, jajir, ba gashi, ba ido, ƙafafun baya ma ba su gama fitowa ba. Hannuwa kawai gare shi masu ɗan ƙarfi. Da su yake jan jiki a cikin gashin uwar, daga inda ya fito har bakin jaka, ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya nuna masa hanya. In ya faɗa ciki sai ya kama kan nono, nonon ya kumbura a bakinsa yadda ba zai suɓuce ba. A nan zai ƙarasa abin da 'ya'yan akuya da na mutum suke ƙarasawa a cikin mahaifa, wata da watanni, kafin ya fara leƙo kai. Na ce jakar ba majanyi ba ce, ɗakin nono ce, nonon a cikinta yake.

Ya yi ta lissafi da ido. Can ya ce, "Wato nawa ɗan da na sa a baya..."

"Yunwa ta kashe shi tun ranar farko."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi," in ji shi, don in abu ya kai masa karo bakin abokansa na Tudun Wada yake ara. "Turmi nawa na kashe jarirai!"

Na so in daure amma dariya ta ƙwace min, shi ma ya fashe, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga. Da dariyar ta lafa sai ya matso ya rage murya. Ya tambaya ko duk cikin dangin nasu babu mai goyo a baya. Na ce akwai, kowala, wata 'yar dunƙulalliya mai zama a kan itacen turare, irin wanda aka shuka a bakin titi, ganyensa kaɗai take ci. Ita ma a jakar ciki take fara renon ɗanta, sai ya yi wayo yake hawa bayanta. Ya tafa hannu.

"Shi ke nan! Ki ce musu kowala ce."

"Kowala ba ta da wutsiya, kai kuma ka zana wutsiya kamar taɓarya."

"To ki yi shiru wata biyu kawai. In takardar rage ma'aikata ta fito, ki faɗa wa duniya."

"Jarrabawarsu saura sati uku."

"Malama, kujerata ce fa."

Na san kujerarsa ce. Na san rini, na ga mazan da ke fitowa daga can da tari da hannuwa kamar an tsoma su a ruwan baba na marina. Raina ya ɓaci, da shi, da kaina, da dabbar da ba ta san muna yi ba. Na ce masa ni dai ranar Litinin zan tsaya gaban yaran nan, kuma bakina ba zai iya cewa a baya ba. Ya tashi ya ɗauki rediyonsa ya fita. Ranar Lahadi muka tafi coci yana gaba ina baya, ko atamfa ɗaya bai nuna min ba.

Litinin da safe na shiga aji. Na rubuta kan darasi a allo ke nan sai na ji an ƙwanƙwasa. Babanku ne, da farar rigarsa ta aiki, da alli mai launi a aljihu.

"Malama, a ba ni allo minti goma."

Na matsa gefe. Ya dubi yaran ya ce shi ne Iliya mai Goyo Lafiya, kuma ya zo ya gyara ɓarnar da ya yi. Ya juya ya fara zane. Ni ina faɗa, shi yana fitarwa. Ya zana uwar a zaune ta jingina, wutsiya ta miƙe ta gaba tsakanin ƙafafu. Ya zana ɗan, ɗan mitsitsi da jan alli, da 'yar hanyar da yake bi a cikin gashi. Ya buɗe jakar kamar an yanka kabewa don a ga ciki, ga ɗan maƙale da nono. Ban taɓa ganin ajina ya mai da hankali kamar ranar ba. Da ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce:

"Wanda ya sake rubuta a baya, shi da Malama. Ni dai na fita."

Yara suka yi ta tafi. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai ofishin oga, ya faɗa masa da bakinsa. Oga ya ce wa ya tambaye shi, ya koma bakin aikinsa, atamfa dai tana tafiya. Da a nan maganar ta tsaya, da Babanku ya tsira da kujerarsa. To ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Yara sun kai labari gida, ya isa kunnen Mama Tabita. Ranar Laraba bayan addu'ar buɗewa ta ce in tashi in yi wa zumunta bayani. Ba ta yi fushi sosai ba, wasu ma dariya suke, suna cewa gaba da baya duk goyo ne. Da na ce e, kuskure ne, na zauna, da an wuce wurin. Amma ina! Malanta ta motsa. Na ce bari in nuna musu dabbar nan ta cancanci a sa ta a atamfa. Na ba su labarin ƙwayar wake, suka yi ta mamaki suna cewa "ikon Allah." Na ji daɗi, na ƙara. Na ce wani abin mamakin, kangaru tana iya shayar da 'ya'ya biyu a lokaci guda, babba da ke bin ta a ƙasa yana zura kai ya sha, da jariri a cikin jaka, kuma kowane nono da irin ruwan da yake fitarwa, na babba mai kauri, na jariri tsararo. Suka riƙe baki. Na ƙara. Na ce kwana ɗaya ko biyu da haihuwa take sake ɗaukar ciki, sai cikin ya tsaya cak, ba ya girma, yana jira sai na jaka ya ba da wuri.

Mama Tabita ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Malama. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a nono, ɗaya a ciki?"

"E, Mama."

"Kwana biyu da haihuwa?"

"E, amma ai shi cikin..."

"Kwanika ke nan! Mu da muke tara 'yan matan aure muna yi musu faɗa su bar yaro ya yi ƙwari kafin a yi masa ƙane, mu ne za mu shiga taro gaban matan garuruwa da uwar kwanika a jikinmu?"

Wuri ya kaure. Wata ta kwance ɗankwalinta tana dubawa kamar za ta ga cikin a jiki. Wata tana dariya har da hawaye tana nuna wata da 'ya'yanta suke kusa da kusa, ita kuma ta tashi za ta fita, aka riƙe ta. Na yi ta cewa ai dabara ce ta zama a ƙasar fari, in ɗaya ya mutu ga wani a shirye, amma wa ke saurarena? A ranar aka yanke za a koma wa kaza. Kafin Lahadi sunan atamfar ya tashi daga Goyo Lafiya ya koma Kwanika. Wace mace za ta ɗaura Kwanika ta ratsa kasuwa? Alhaji Mudi ya zo har gida, mutumin kirki, ya zauna a kan benci ya ce:

"Malam Iliya, ni ban damu da inda jaka take ba, ko a ka ka sa ta. Amma sunan nan ya kashe kaya."

Ya janye bugu na biyu. Takardar ma ba ta jira wata biyun ba, da ta fito sunan Babanku ne a kai. Ba kora ba ce, Bitrus, ka ji da kyau. Sashen rini aka mai da shi, kuma bai sake zama a kujerar ɗakin zane ba har aka rufe masaƙar. Ranar farko da ya dawo daga can na ga farar rigar a naɗe a cikin leda, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Na kawo ruwan zafi da sabulu da soso na yi ta dirza, ko gezau. Bai ce min komai ba, ni kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A cikin satin yara suka rubuta jarrabawar kimiyya. Ina tsaye a bakin ɗakin, suna fitowa na karɓi takardar tambayoyi a hannun Asabe. Na karanta daga sama har ƙasa. Na juya baya. Na sake karantawa da yatsa, layi-layi. Akwai zagayawar jini, akwai haƙoran akuya, akwai tsiron masara. Babu kangaru. Ko a cikin tambayoyin zaɓi babu ita.

Ban san yadda na kai gida ba. Na zauna a bakin murhu da takardar a cinya ina kuka kamar an yi min mutuwa. A haka Babanku ya shigo ya same ni. Ya tambaya wa ya rasu, na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta da shuɗɗan yatsunsa, ya karanta gaba da baya a hankali. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Na ɗauka kuka zai taya ni, ashe dariya ce, irin wadda ba ta fita sai ta ciki, har ya jingina da bango.

Na ce, "Dariya ma kake yi? Na raba ka da aikinka a banza!"

Ya share ido da bayan hannu ya tsuguna a gabana.

"Maman Ladi, yaran nan arba'in, yanzu sun san inda jakar take?"

"Sun sani."

"Har su mutu?"

"Har su mutu."

"To ni ma na sani. Tashi ki zuba min tuwo, hannun nan ko da shuɗi yana kai loma."

Na tashi na zuba masa, na ƙara masa nama biyu a kan nasa, har da nawa.